Diraf ko buɗaɗɗiyar kasuwa: wanne ya fi dacewa da sabbin 'yan wasan NBA?

Duk watan Yuni ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta NBA kan zauna su raba matasan da suka fi kowa ƙwarewa a tsakaninsu, ɗaya bayan ɗaya, zagaye biyu, mutum 60. Wannan rabo shi ake kira diraf. Yaron da aka kira sunansa ba shi da ta cewa a kan garin da zai zauna, ko kocin da zai yi wa aiki, ko albashin da zai karɓa. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, inda matashi ke duba tayin ƙungiyoyi uku ko huɗu ya zaɓi wadda ta yi masa, abin da ban mamaki. Shi ya sa lokaci zuwa lokaci ake tada maganar a soke tsarin, a bar sabon shiga ya sa hannu inda ya ga dama. Stan Van Gundy ya faɗi haka a fili a 2017, yana kocin Detroit a lokacin.

Kafin a ce wannan ya fi wancan, sai an warware diraf ɗin, domin abu uku ne aka ɗaure wuri guda. Akwai jerin zaɓe, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ke samun damar fara ɗauka. Akwai keɓantaccen haƙƙi, wato wadda ta ɗauke ka ita kaɗai za ta iya ba ka kwantiragi a NBA. Sannan akwai ƙayyadadden farashi. Kowanne da irin cutar da yake jawowa, kuma yawancin gardamar da ake yi ba ta kai ko'ina ne saboda wani yana maganar na farko, abokin musunsa yana kare na uku.

Shan kashi da gangan

Jerin zaɓen shi ne ya haifi matsalar da kowa ke gani da ido. A NBA ba a faɗawa gasar 'yan dagaji. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen teburi tana nan daram a kaka mai zuwa, har ma a ba ta tukwici. A wasan da kowace ƙungiya mutum biyar kacal take da su a fili, gwani ɗaya yana iya juya makomar ƙungiya na shekara goma, don haka lissafin ba shi da wahala: idan ba za ka ɗauki kofi ba, gara ka zama na ƙarshe da ka tsaya a tsakiya.

Hukumar gasar ta daɗe tana faci. Daga 1966 zuwa 1984 kwabo ake jefawa tsakanin na ƙarshe a gabas da na ƙarshe a yamma. Bayan an zargi Houston da sakin wasanni a 1984, shekarar da ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, sai aka kawo ƙuri'ar sa'a a 1985. Aka yi ta gyara ta har zuwa sauyin 2019. A wannan tsarin ana zuba ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a fito da huɗu. Hakan na ba da haɗin lambobi 1,001. A jefar da ɗaya, a raba 1,000 ga ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba. Ukun ƙarshe kowacce na samun 140, wato kashi 14 cikin ɗari, alhali kafin nan ta ƙarshe kashi 25 take samu. Gurabe huɗu na farko kawai ake fitarwa ta ƙuri'a, sauran a bi teburi.

Sai aka gudu ba a tsira ba. A tsarin 2019, ƙungiyar da ta fi kowa rauni da gaske tana da kusan kashi 48 na faɗawa gurbi na biyar. Detroit ta ci wasa 17 cikin 82 a kakar da ta ƙare a 2023, ta samu na biyar. Kaka ta gaba ta ci 14, har da shan kashi 28 a jere, ta sake samun na biyar. Utah ma haka ta same ta a 2025, shekarar da Dallas mai kashi 1.8 kacal ta lashe gurbi na ɗaya ta ɗauki Cooper Flagg. Mabuƙaci na gaskiya bai samu ba, su kuma na tsakiyar teburi sun ga cewa ko su ma sakin wasannin ƙarshe na iya biya.

Tara ba ta hana komai. A watan Afrilun 2023 Dallas ta ajiye manyan 'yan wasanta a karawarta da Chicago, saboda bisa wani tsohon ciniki gurbinta na diraf zai koma hannun New York idan bai faɗa cikin goma na farko ba. Aka ci ta tarar dala 750,000. Ta riƙe gurbin, ta juya shi ya zama Dereck Lively, ta kai wasan ƙarshe a 2024. Babu shugaban ƙungiyar da zai kalli wannan ciniki ya ce an yi asara. Philadelphia kuwa kaka uku ta yi tana rusa kanta a ƙarƙashin manajanta Sam Hinkie, har ta ci wasa 10 kacal a kakar 2015 zuwa 2016. Ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru, amma waɗanda suka sayi tikiti a shekarun nan ba wanda ya mayar musu da kuɗinsu.

A wannan fanni buɗaɗɗiyar kasuwa ta yi wa diraf fintinkau. Idan yaro ne zai zaɓa, ƙungiyar da ta ci wasa 10 ba ta da abin nuna masa sai tarkace. Dole kowa ya yi ƙoƙarin zama wurin da matashi zai so zuwa: koci nagari, likitoci nagari, tarihin renon yara su zama taurari.

Kuɗin, da aljihun da za su fito

Da can sabon shiga yana cinikin albashinsa da ƙungiyar da ta ɗauke shi. A 1994 Glenn Robinson ya ƙi zuwa atisaye har sai da Milwaukee ta ba shi dala miliyan 68 na shekara goma, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Shekara na zagayowa, a yarjejeniyar 1995, aka kafa jadawalin albashin sabbin shiga. Yadda yake a yanzu, wanda aka ɗauka a zagayen farko yana samun kwantiragin shekara huɗu: biyun farko tabbas ne, ta uku da ta huɗu sai ƙungiya ta ga dama. Kowane gurbi da farashinsa, ciniki bai wuce tsakanin kashi 80 zuwa 120 na wannan adadi ba, kuma kusan kowa 120 ake ba shi.

A duba Victor Wembanyama na Faransa, wanda San Antonio ta ɗauka a 2023. Albashinsa na shekarar farko dala miliyan 12.2 ne, na shekara huɗu kimanin miliyan 55. Iyakar albashin ƙungiya, wato adadin da gasar ke ƙayyade wa kowace ƙungiya na biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, a kakar miliyan 136 ce, kuma mafi yawan abin da ɗan wasa mai ƙasa da shekara bakwai a gasar zai iya karɓa shi ne kashi 25 na wannan, wato miliyan 34. Da kasuwa a buɗe take, duk ƙungiyar da ke da sarari za ta miƙa masa wannan ba tare da dogon tunani ba. Da ƙarin kashi biyar da doka ta yarda a kowace shekara, zai tashi da kusan miliyan 146. Ratar ta kai miliyan 90.

Kuma ɗaurin ba ya ƙarewa a shekara ta huɗu. Idan wata ƙungiya ta kawo tayi a lokacin, tsohuwar tana da ikon biyan daidai abin da aka taya ta riƙe shi. Ita kaɗai ce kuma ke iya ba shi ƙarin shekara biyar tun kafin kwantiragin farko ya ƙare. Hanya ɗaya ta kuɓuta da wuri ita ce ya karɓi tayin shekara guda mai ƙaramin kuɗi, ya buga yana addu'ar kada gwiwa ta tsinke. Ba kasafai tauraro ke yarda da wannan kasada ba. Sakamakon haka, ƙwallayen da suka fito daga na'ura a dare ɗaya kan yanke inda mutum zai yi shekara bakwai zuwa tara na ganiyar ƙarfinsa. LeBron James sai da ya yi bakwai a Cleveland kafin ya fita a 2010. Anthony Davis ma bakwai ya yi a New Orleans. A ganina wannan tsawon shi ne rashin adalcin da ya fi girma a tsarin, fiye ma da batun gari.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. 'Yan wasa gaba ɗaya suna karɓar tsakanin kashi 49 zuwa 51 na kuɗin da gasar ke samu, ko an yi diraf ko ba a yi ba. Miliyan 90 ɗin Wembanyama ba daga aljihun masu ƙungiyoyi za ta fito ba. Daga albashin tsofaffin 'yan wasa masu matsakaicin matsayi za a yanko ta. Su ne kuma ke kaɗa ƙuri'a a ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, yaron da ke jami'a ko yake buga wasa a Turai ba shi da kujera a teburin.

Akwai kuma haɗarin kuskure. Anthony Bennett shi ne na ɗaya a 2013, bai wuce kaka huɗu a gasar ba. Greg Oden, na ɗaya a 2007, rauni ne ya cinye shi. A tsarin yanzu ƙungiya na iya yanke asararta bayan shekara biyu. A kasuwa, irin wannan kuskure zai toshe rubu'in albashinta na shekara huɗu. Wannan ba hujjar tauye wa yaro kuɗi ba ce, domin ana yin irin kuskuren nan a kan tsofaffi kullum, amma ƙungiyar ƙaramin gari za ta fi jin jiki idan ta faɗa.

Ina yaran za su nufa?

Babban abin tsoro shi ne Los Angeles da New York da Miami su kwashe kowa. Amsar ta dogara kacokan a kan ko kuɗi zai iya bambanta tayi da tayi.

Ƙungiyoyin da ke neman kofi kusan dukkansu sun riga sun wuce iyakar albashi. Abin da doka ta bar musu na ɗauko baƙo shi ne wani keɓantaccen kaso, wanda a kakar 2023 zuwa 2024 ya kai dala miliyan 12.4 ga wadda ba ta biyan harajin wuce iyaka, miliyan 5 ga mai biya. Ke nan Wembanyama zai zaɓa tsakanin miliyan 34 a ƙungiya mai rauni da miliyan 12 a ƙungiya mai ƙarfi. Yawancin matasa kuɗin za su bi, musamman da yake a ƙungiya mai ƙarfi benci ke jiransu. Gurbi 15 kowace ƙungiya ke da shi, ƙwallo kuma ɗaya ce. Wanda ke son ya nuna kansa don kwantiragi na biyu yana buƙatar mintuna a fili. Wannan shi ne ginshiƙin hujjar masu son kasuwa, kuma ga mutum 55 cikin 60 tana da ƙarfi.

Matsalar tana kan sauran biyar ɗin, ko ma ɗaya. Miliyan 12.4 ɗin nan kusan daidai take da abin da Wembanyama ya karɓa a San Antonio, ga shi kuma irinsa ba da albashi kaɗai yake rayuwa ba. LeBron James ya sa hannu da kamfanin Nike a kan kusan dala miliyan 90 a 2003, lokacin da albashinsa na shekarar farko bai wuce miliyan 4 da 'yan kai ba. Mai irin wannan kuɗin talla zai iya sadaukar da albashi ya bi babban birni. Kuma idan an san gagarumin yaro na tafe, manyan ƙungiyoyi za su share littafin albashinsu tun da shekara biyu, kamar yadda New York ta yi tana jiran kasuwar 2010. Da zarar ƙungiyoyi takwas sun taya miliyan 34 iri ɗaya, kuɗi ya daina magana. Sai yanayin gari, da girman kasuwar talla, da haraji. Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi na jiha, California kuwa tana karɓar sama da kashi 13 daga masu manyan kuɗi.

An ga wannan a aikace a gasar besbol ta Amurka. Yawancin matasan ƙasashen waje ba sa shiga diraf a can. Kowace ƙungiya tana da ƙayyadadden asusu da take ɗaukarsu da shi, wanda ba a tsallakewa tun 2017. Shohei Ohtani ya zo daga Japan a ƙarshen 2017 ya zaɓi Angels a kan kusan dala miliyan 2.3. Roki Sasaki ya zo a 2025 ya zaɓi Dodgers, wadda ke riƙe da kofi a lokacin, a kan miliyan 6.5. Dukansu yankin Los Angeles suka nufa. Idan aka danne farashi sannan aka ba yaro zaɓi, an tattara illolin tsarin biyu wuri guda: bai samu kuɗinsa ba, ƙaramar ƙungiya kuma ba ta samu ɗan wasa ba.

Gasar ƙwallon ƙafar mata ta Amurka, NWSL, ta soke diraf a yarjejeniyar 2024. Misali ne mai amfani, sai dai dalilinta daban ne: tana gogayya da ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya da Faransa a kan 'yan wasa ɗaya, don haka tilasta wa yarinya gari na iya sa ta haye jirgi. NBA ba ta da kishiya irin wannan. Danny Ferry ya gudu Italiya a 1989 don kada ya buga wa Clippers, Steve Francis ya ƙi Vancouver a 1999 har aka sayar da shi ga Houston, amma irinsu ana ƙirga su da yatsu.

Dole a ba diraf haƙƙinsa a nan. San Antonio ta ɗauki Tim Duncan a 1997 ta ci kofi biyar. Milwaukee ta ɗauki Giannis Antetokounmpo a gurbi na 15 a 2013 ta ci kofi a 2021. Denver ta tsinci Nikola Jokić a na 41 ta ci a 2023. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya jagoranci Toronto, garin da manyan 'yan wasan Amurka ba su cika son komawa ba saboda sanyi da haraji. Ya ɗauki Pascal Siakam a na 27 a 2016, suka ci kofi a 2019. Sai dai a lura: ban da Duncan, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka samu ta hanyar zama a ƙasan teburi. Ido ne ya gano su. A kasuwa ma mai ido zai same su da araha, tunda ba a rububinsu. Abin da ya taimaki garuruwan nan shi ne ikon riƙe su bayan sun zama taurari. A wannan ƙungiyar ta Toronto akwai Fred VanVleet, wanda ba a ɗauka a diraf ba, ya zaɓi inda ya ga zai samu dama. Ga ɗan wasan da ke ƙarshen zagaye na biyu, sau da yawa rashin a kira sunansa ya fi masa alheri.

Abin da zai lalace idan an soke

Na farko, cinikin bayan fage. Ko yanzu da tsofaffin 'yan wasa ana fama: a 2000 an kama Minnesota da yarjejeniyar sirri da Joe Smith, aka ci ta tarar dala miliyan 3.5 tare da ƙwace mata gurabe biyar na zagayen farko, daga baya aka mayar mata da biyu. Idan yara ne ake zawarci, abin zai gangara ƙasa da shekara 19 da doka ta ƙayyade tun 2006. A Jamhuriyar Dominika an san yadda ƙungiyoyin besbol ke ƙulla alkawarin baka da yara tun shekaru kafin su kai 16, wani lokaci kuma a watsar da su idan girma bai zo yadda aka zata ba. Yaran Afirka da ke bi ta makarantar NBA da aka buɗe a Senegal a 2017, ko ta hannun dillalan da ke kai su makarantun Amurka, su ne za su fi shiga wannan haɗari, domin iyayensu ne suka fi ƙarancin sanin dokokin kwantiragi.

Na biyu, guraben diraf su ne kuɗin da ake ciniki da shi a gasar. Ana iya sayar da su har na shekara bakwai masu zuwa. Utah ta karɓi huɗu na zagayen farko a cinikin Rudy Gobert a 2022, Brooklyn ta karɓi biyar a na Mikal Bridges a 2024. Ƙungiyar da tauraronta ya ce zai tafi, da wannan take farfaɗowa. Idan aka soke diraf ba tare da an ƙirƙiro abin da zai maye gurbinsa ba, ba ta da abin karɓa, kuma sai an san yadda za a yi da guraben da aka riga aka sayar.

To wanne za a ɗauka?

Soke diraf tare da barin sauran dokoki yadda suke shi ne mafi munin zaɓi, saboda abin da aka gani a besbol. Barin diraf yadda yake kuma ci gaba ne da ba shan kashi lada. Ra'ayina shi ne kasuwa ta fi, amma da sharuɗɗan da ba a raba ta da su. A ware wa kowace ƙungiya asusun sabbin shiga daban da iyakar albashi, yadda share littafi ba zai yi amfani ba. Kada a sa wa ɗan wasa ɗaya rufi a cikin asusun: ƙungiyar da ta ga dama ta zuba duka a kan mutum guda. A bari a riƙa sayar da kason asusun da kuma tara shi na 'yan shekaru, ya zama shi ne sabon kuɗin ciniki. A ba masu rauni kaso mafi tsoka, amma a auna da sakamakon kaka uku, domin sakin wasannin ƙarshen kaka kada ya canja komai. Duk kwantiragi ya bi ta ofishin gasar cikin mako guda da aka ware, hukuncin alkawarin sirri kuma ya zama ƙwace asusun gaba ɗaya, ba tarar da mai ƙungiya zai biya bai ji ba. Har a haka akwai ɗan ladan rauni, sai dai kuɗi mai yawa ba ya tabbatar maka da yaron, yana ba ka damar a saurare ka ne kawai.

Idan ba za a samu waɗannan sharuɗɗa ba, gara a riƙe diraf a cire masa dafi. Mike Zarren, jami'in ƙungiyar Boston, ya kawo shawarar juya gurabe bi da bi, kowace ƙungiya ta riƙe kowane gurbi sau ɗaya a shekara 30, ba ruwan teburi. Akwai kuma tsarin da gasar hokin ƙanƙara ta mata, PWHL, ta ɗauka a 2024, inda ake ba da gurbi na ɗaya ga wadda ta fi tara maki bayan ta tabbata ba za ta kai zagayen neman kofi ba. Kowanne daga cikinsu yana maganin jerin zaɓe ne kawai. Ɗaurin shekara takwas sai an rage shi daban, misali a cire ikon biyan abin da aka taya bayan shekara ta huɗu.

Kotu ba za ta kawo wannan sauyi ba. Ɗan wasa Leon Wood ya ƙalubalanci diraf da iyakar albashi, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙararsa a 1987 bisa hujjar cewa abin da ƙungiyar ƙwadago ta amince da shi a yarjejeniya ya hau kan waɗanda za su shigo daga baya. Don haka sai a teburin ciniki. Yarjejeniyar 2023 za ta kai kakar 2029 zuwa 2030, kowane ɓangare kuma na iya ficewa shekara guda kafin nan. A wannan zama, rage tsawon ɗauri shi ne abin da ƙungiyar 'yan wasa za ta fi iya nema, tunda ya shafi matasan da suka riga suka shigo kuma suke da ƙuri'a. Asusun sabbin shiga kuwa zai buƙaci masu ƙungiyoyin ƙananan garuruwa su yarda cewa kuɗin da za a ba su ya isa ya ja yaro zuwa Utah ko Memphis.